Mai jigida a kafaɗa: hukuncina a kan GPMG

Cikin duk makaman da suka ratsa hannuna a aikin soja, babu wanda na daɗe da shi kamar bindigar nan da muke kira GPMG (General Purpose Machine Gun), wadda mutanen gari ke ce wa mai jigida. Na ɗauke ta ina farabiti, na ɗauke ta ina kofur, da na samu igiya uku kuma na koma ina duba yaran da ke ɗaukarta. Har na ajiye kaki na dawo Zuru ra'ayina bai canza ba: ban ga bindigar da ta kai ta riƙon amana ba, ban kuma ga wadda ta kai ta cin kafaɗa ba. Duk wanda ka ji yana yabonta bai ambaci nauyinta ba, to a hoto ya san ta.

Kafin wani ya juya maganar, wannan ba hajar kasuwa ba ce. Dokar makamai ta 1959 ta sa irinta cikin haramtattu. Kayan gwamnati ce, da sa hannu take fita daga ma'ajiyar bariki, can kuma take komawa a ƙirga ta. Abin da ya sa na zauna rubutun nan gardamar samarinmu ce. A ƙasar Zuru da wuya ka ratsa unguwa ba ka wuce gidan soja ba. Nan ne aka haifi janar-janar irin su Ishaya Bamaiyi da Tanko Ayuba, nan ne Manjo Janar Sani Sami ya hau gadon sarauta bayan ya bar soja. Yaran da ke shirin tafiya Daffo a Zariya kuwa yanzu a waya suke fara ganin bindiga, sai ka ji suna musu a bakin shago kan wacce ta fi ɓarin wuta a minti guda. Mai ɗaukarta ba ya fara tambaya daga nan. Tambayarsa ta farko, kilo nawa ce, ta biyu kuma, idan ta sha ruwa da taɓo za ta tashi?

Sunanta na yanka FN MAG. Kamfanin FN da ke Herstal a Beljiyam ne ya fito da ita a 1958, aikin wani injiniya mai suna Ernest Vervier. Abin da ya burge ni da mutumin, bai ce lallai sai ya ƙago sabon abu ba. Ya ɗauko tsarin kulle harsashi na BAR, tsohuwar bindigar John Browning ta 1918, ya kifa shi, sannan ya ɗora masa hanyar jan jigida irin ta MG42 da Jamusawa suka yi Yaƙin Duniya na Biyu da ita. Duka biyun an riga an gwada su a fagen fama, an san inda suke da ƙarfi. Gangar jikinta faranti-faranti ne na ƙarfe mai kauri da aka ɗinke da ƙusoshi masu dunƙulallen kai, gindinta na katako. Daga wannan ƙarfen juriyarta ta fito, daga shi kuma wahalar mai ɗauka ta fito.

Aikinta ba shi da wani sirri. Hayaƙin albarushin da ke kora harsashi, ana tsame kaɗan daga cikinsa ta ƙarƙashin bututu ya tura fistin baya. Wannan motsin ne ke zubar da kwanso ta ƙasa, ya jawo harsashi na gaba daga jigidar da ke shigowa ta hagu. Harsashinta 7.62 ne na NATO, irin na bindigogin FN FAL da G3 da sauran yaran sashe, wato ƙaramin rukunin soja, ke riƙe da su a zamaninmu. Tana sakin tsakanin 650 zuwa 1,000 a minti, gwargwadon yadda aka saita ta. A kan ƙafafunta biyu ana lissafa mata mita 800, idan aka ɗora ta kan mai ƙafa uku kuwa har 1,800. Wannan ne ya sa ƙasashe sama da 80 suka karɓe ta: bindiga ɗaya, da safe ta fita sintiri a kafaɗa, da dare ta zauna a bakin shinge tana gadin sansani. Mu ma a nan gida masana'antar makamai ta DICON da ke Kaduna, wadda aka kafa a 1964, ta samu lasisin ƙera ta.

To ga nauyin. Kilo 11.8 ce ba ko harsashi ɗaya a jikinta, tsawonta mita 1 da santimita 26. Jigida mai harsashi 100 ta kusa kilo 3. Bututun canji shi ma kusan haka. Mai ƙafa uku ya haura kilo 10 shi kaɗai. A takarda ba wani abu ba ne, duk manomin da ya saɓa buhun gero zai yi dariya. Amma buhu kana kai shi ka sauke. Ita ba a sauke ta.

Sojojin ECOMOG, rundunar kiyaye zaman lafiya ta ECOWAS, sun sauka tashar jiragen ruwa ta Monrobiya a watan Agustan 1990. Ni daga baya na je, cikin waɗanda suka canji na farko, kuma a can na san bambancin filin harbi da daji. Ruwan Laberiya ba irin namu ba ne da zai zuba ya ɗauke rana ta fito. Riga ba ta bushewa. Igiyar ratayar bindigar idan ta jiƙe sai ta nannaɗe ta zama siririya, ta nemi wurin nan tsakanin wuya da ƙashin kafaɗa ta zauna. Farko wurin ya yi ja, ya saɓule, daga baya ya yi kanta baƙa ƙirin, har yau idan na tuɓe riga ana ganin shatinta. Nakan ninke tsohon tawul in cusa a ƙarƙashi, kafin a yi nisa ya zame ya koma baya. Idan kafaɗar dama ta gaji ka mayar hagu, idan hagu ta gaji ka kama mariƙin da ke saman bututu ka riƙe ta a hannu, yatsu su sandare, ka sake mayar da ita dama. Ga tsawonta, kowane reshe da kowace igiyar daji sai ta gaisa da shi. Shiga bayan mota da ita ko fitowa da sauri, sai ka yi hankali kada ka fasa wa wani baki.

Ba kuma bindigar mutum ɗaya ba ce, wannan shi ne abin da bidiyo ba ya nuna wa yara. Kowane mai jigida yana da lamba biyu, wanda ke ɗauke da bututun canji da ƙarin harsasai, ya kwanta a hagunka yana tallafar jigida da tafin hannu don ta shiga a miƙe. Nawa wani yaro ne ɗan Yawuri, siriri, mai barkwanci. Duk sanda aka raba kaya ya ga tulin da ya faɗo masa sai ya ce, "Kofur, don Allah ka yi mata magana ta rage ci, ni ne fa mai kai mata tuwo." Ya fi ni gaskiya. Idan aka sake mata linzami, abin da ya sha wahalar ɗaukowa tun safe cikin daƙiƙa 10 za ta gama da jigida guda. Shi ya sa gwanin mai jigida ba shi ne mai danne kunama ba, shi ne mai taɓawa ya saki, ya taɓa ya saki.

Inda ta biya ni hakkin kafaɗata shi ne watan Oktoban 1992, lokacin da mayaƙan madugun 'yan tawaye Charles Taylor suka auka wa Monrobiya, harin da aka fara ranar 15 ga wata. Abin da aka yi a dararen nan ba na hira ba ne, kuma ba zan mayar da shi hira ba. Abin da ya shafi bindigar kawai zan faɗa: ba ta tsaya ba. Ta sha ruwa, yashin buhunan shinge ya zubo mata, baƙin albarushi ya taru a cikinta, amma tana da ɗan abin murɗawa a gaba da ke ƙara wa fistin ƙarfi idan ta fara nawa, sai ta ci gaba. Canjin bututunta kuwa, a nan ne na fi jinjina wa Vervier. Mariƙin a jikin bututun yake, ba a gangar jiki ba, don haka kana kama shi ka murɗa ka zare, ba ka taɓa ƙarfen da ya yi zafi ba. Na ga bututu ya fito cikin duhu yana ja-ja, yaron nan ya ajiye shi kan jiƙaƙƙiyar ciyawa, ta yi cuuu, tururi da warin ƙonannen mai suka turnuƙe ramin, kafin ya gama tari na riga na zura ɗayan. M60 ta Amurka ta farko, wadda ta fito kusan lokaci ɗaya da ita, sai da safar hannu ta musamman ake cire mata bututu, kuma ƙafafunta a jikin bututun suke, kana cirewa bindigar ta rasa abin tsayawa. Wanda ya tsara GPMG ya yi tunanin hannun soja.

Aibinta bayan nauyi biyu ne a wurina. Na farko jigidar kanta. Idan kana tafiya tana reto a gefe, tana kwasar ciyawa da laka, ga ƙyalli, ga ƙara. Kusan duk matsalar da na taɓa gani tana yi, idan aka bincika, daga jigidar da aka ja a ƙasa ne ko wadda aka yi ado da ita a ƙirji tana shan gumi har ta yi tsatsa. Masu son a ɗauke su hoto ke yin wannan adon, ni kuwa da na zama saje ban bar kowa ya yi shi ba. Na biyu, ba ta san harbi ɗaya-ɗaya ba. Ko tana kulle, ko tana ɓari.

Wannan na biyun mahaifina ne ya fara nuna mini shi. Marigayin ɗan Bama ne, yana cikin runduna ta 82 ta Afirka ta Yamma da ta yi yaƙi da Japanawa a yankin Arakan na ƙasar Bama, aka kama Myohaung a Janairun 1945. Sunayen nan ba baƙi ba ne ga soja, ga barikin Arakan a Apapa, ga Myohaung a Yaba, ga Chindit, shi ma sunan wata rundunar yaƙin Bama, a Zariya inda ake horar da kurata. Shi ma lamba biyu ne, amma a kan bindigar Bren. Wani hutu da na zo ina ta kuranta masa bindigata, ya bari na gama, sannan ya ce, "Kai, tana yin ɗaya-ɗaya?" Na ce, "A'a, Baba." Ya ce, "To ashe kowa ya san inda kake kwance." A dajin Bama, in ji shi, mai Bren kan mayar da ita harbi ɗaya-ɗaya ta yi kamar sauran bindigogi, abokan gaba su kasa gane inda babbar take, sai sun matso sannan a buɗe mata.

Bren asalinta ZB 26 ce ta birnin Brno a Cekoslobakiya, aikin Václav Holek, Ingila ta karɓa ta gyara ta don harsashinta na .303, aka fara ƙera ta a Enfield a 1937. Gidan harsashinta a sama yake, lanƙwasasshe, yana cin 30 amma sukan tsaya a 28 don kada ya cushe. Saboda ya tare tsakiya, sai aka karkatar da abin saiti zuwa hagu. Samfurin farko, Mk 1, aikin ƙawa ne mai cin lokaci a masana'anta. Da Ingila ta bar tulin makamai a Dunkirk a 1940, aka fito da Mk 2 a 1941, an rage mata duk abin da ba dole ba don a riƙa ƙerawa da sauri, har a Kanada da Ostareliya ana yin Bren. A 1944 aka yi Mk 3 mai gajeren bututu, ta sauko daga kilo 10 da ɗoriya zuwa wajen 8.7, don masu lema da masu yaƙin daji. Da NATO ta koma harsashin 7.62, maimakon a zubar da su sai aka juya su suka zama L4, gidan harsashin ya kusa miƙewa. Da ita sojan Ingila ya je Falkland a 1982, ya je yaƙin Tekun Fasha a 1991. Indiya kuwa ba ta daina ƙera tata ba sai 2012.

A hannun Indiyawan na samu na riƙe ta, a Lungi ta Saliyo, lokacin da suka zo aikin Majalisar Ɗinkin Duniya muka haɗu. Wani kofur ɗinsu ya cire gidan harsashi, ya nuna mini babu komai a ciki, ya miƙo mini. Da na saɓa ta sai da na tuna tsoho. Ta zauna a hannu daidai, nauyinta bai rinjayi gaba ba, babu abin da ke reto, harsashi a rufe yake ba ruwansa da taɓo. Amma da na yi lissafi a raina, tana sakin kamar 500 a minti, ke nan 30 ɗin nan ba za su kai daƙiƙa 4 ba idan aka danne. A daren Monrobiya da lamba biyuna ya mutu da canjin gida. Bren dokin hawa ce, GPMG kuwa san huɗa: ba za ka yi kilisa da shi ba, amma shi zai kai ka ƙarshen gona. Baba ya rasu bai yarda ba, ni ma ban matsa ba, don dajin da ya shiga da yaƙin da ya yi sun ba shi gaskiya.

Samfuran GPMG ba su kai na Bren ban sha'awa ba, domin kusan duk jiki ɗaya ne ake canza wa sutura. A lissafin kamfanin, 60-20 ta sojan ƙasa ce, 60-30 ta jirgin sama, 60-40 kuma ta cikin tankar yaƙi, wadda ke gefen igwa ba ta da gindin katako. Suwidin ce ta fara saye, ta kira tata Ksp 58, da farko ma da nata harsashin 6.5. Ingila ta ƙera tata a Enfield da sunan L7A1, daga baya L7A2, kuma daga wurinsu muka gaji sunan GPMG. Labarin Amurka ya fi ba ni dariya. Suna da tasu M60, amma da aka gwada bindigogi don tankokinsu ta Beljiyam ce ta yi nasara, suka karɓe ta a 1977 da sunan M240. Daga tanka ta sauko hannun sojan ƙasa a shekarun 1990, M240G ga sojojin kundunbalar ruwa, M240B ga sojan ƙasa, wadda ta ƙara nauyi ma zuwa wajen kilo 12.5. Da kukan kafaɗa ya yi yawa a duwatsun Afghanistan suka fito da M240L, aka sa ƙarfen titaniyam, ta dawo kusan kilo 10. Ashe ba mu kaɗai muke kuka ba.

Wadda nake ganin ta isa ta ja da ita ita ce PKM ta Rasha, aikin Kalashnikov, da aka gyara a 1969 daga PK ta 1961. Kilo 7.5 kacal, ga akwatin jigida mai 100 da ke maƙalewa a ƙarƙashinta, wato an magance retuwar nan da na yi kuka da ita. Da a ce ni ke da zaɓi ranar doguwar tafiya a ƙafa, ba zan ɓoye ba, ita zan miƙa wa hannu. Sai dai harsashinta daban ne da na NATO, kuma a zaman dirshan na dogon lokaci na fi natsuwa da kaurin ƙarfen GPMG. RPK kuwa ban sa ta a wannan sahu ba. AK ce da aka ƙara wa tsawo da ƙafafu, bututunta ba ya fita, idan ta yi zafi sai dai ka jira ta.

A nan zan ɗan kauce. Mutanen da ke gudowa Zuru daga ƙauyukan Danko-Wasagu da Sakaba, idan suna ba da labarin daren da aka tashe su, wani sai ya kwaikwayi ƙarar da ya ji da baki. Sau da yawa AK ce. Amma wani lokaci sai ya yi wata doguwar ƙara mai nauyi da ba ta yankewa, gabana ya faɗi, don na san ba bindiga mai gidan harsashi ke yin haka ba. Abin da aka ƙirga mini da sa hannu, aka tsare ni a kan kowane kwanso nasa, yau irinsa na bayan babur a daji. Ɗan sa-kai mai bindigar toka ba shi da abin da zai yi da wannan, kuma duk mai tura shi ya tare ta bai san abin da mita 800 ke nufi ba.

Akwai lokacin da aka ɗauka zamanin GPMG a cikin sashe ya wuce. Vervier ɗin nan dai ya sake fito da Minimi a shekarun 1970, ƙarama mai harsashin 5.56, wajen kilo 7, Amurka ta karɓe ta da sunan M249, Ingila ma ta saya lokacin yaƙin Iraƙi da Afghanistan. Amma a fili mai faɗi ƙaramin harsashin bai kai inda ake so ba. Zuwa 2019 sojan Ingila ya janye Minimi daga hannun sojan ƙasa, ya bar wa tsohuwar L7A2 aikin. Bindigar 1958 ta ga zuwan ƙanwarta, ta kuma ga tafiyarta.

Titaniyam kuɗi ne, ban sa ran ganinsa a kafaɗar yaranmu nan kusa ba. Abubuwa biyu da za su rage musu wahala ba su kai kuɗin taya ɗaya ta motar sintiri ba: jakar da za ta riƙe jigida a jikin bindiga, da igiyar rataya mai faɗi mai laushi. Tawa ta ƙarshe wani baduku ne a kasuwar bariki ya yi mini. Na kai masa tsohuwar igiyar, ya yanko fata mai faɗin tafin hannu, ya cusa soson katifa a ciki ya ɗinke bakin da zare biyu. Samanja ya gani a fareti ya ce ba ta cikin tsari, in cire. Na cire ranar, na mayar da ita ranar fita daji, kafin wata ya ƙare masu jigidar kamfaninmu duk sun je wurin badukun.